Ƙosan Takarda

Da aka ce an samu 'yancin kai, mutanen Agiye ba su tsaya jiran fassara daga bakin kowa ba. Kowa ya fassara wa kansa. Masu jakuna suka ce jakunansu sun daina ɗaukar kayan kumandan, Baturen mulki. Mahauta suka ce likitan dabbobi ya daina shinshina musu nama. Iyaye mata kuwa suka ce ɗiyansu sun gama lakol, makarantar boko.

Wannan fassara ta ƙarshe a kan Madamazal Delu ta faɗa.

Delu Bagobira ce, 'yar Tibiri, doguwa, mai tsage har kunne, da bakin da bai iya tauna magana kafin ya fitar da ita ba. Shekara guda kafin 'yanci aka turo ta Agiye ta riƙe ajin 'yan mata, ajin da gardi, 'yan sandan kumandan, suka cika mata da bulala a hannu. A lokacin benci ba ya isa. Da gardi suka rataye bulala, sai ajin ya dinga zuba kamar buhun da ɓera ya huda, har waɗanda suka rage ba su cika benci biyu ba.

Ba ta zauna ba. Kullum aka tashi daga lakol sai ta ɗaura kallabi ta bi gida-gida. A shimfiɗa mata tabarma, a dama mata fura, a tambaye ta mutanen Tibiri kamar an san su, sannan a ce ai ɗiyar ta tafi ƙauye wurin gwaggonta. Sau da yawa Delu tana kallon ƙafafun ɗiyar a ƙarƙashin rumbu. Takan shanye furar tas, ta gaida ƙafafun da sunansu, ta ce gobe ma tana nan tafe. Kuma ta zo.

Rannan diraktan lakol, wanda ake kira Mushe Balarabe da laƙabin Faransanci, mutumin da ba ya cire kwat ko da bazara, ya kira ta buro, wato ofishinsa.

"Madamazal, sufeto zai zo daga Tasawa bayan hutun ƙarshen shekara. In ya tarar da ajinki haka, rufe shi zai yi. Yaran da suka rage a sallame su, ke kuma a maida ke Maraɗi ki riƙa buga takardu a buro."

"Ban yi karatu don in buga takardun wani ƙato ba, Mushe."

"Ni ma ban yi karatu don in riƙa gardama da Gobirawa ba, ga shi ina yi." Ya gyara tabarau. "Wata magana kuma. Bikin Jamhuriya ya matso, sha takwas ga Disamba. Ni zan yi jawabi, yara maza su yi defile, su yi maci gaban tuta. Ke ki tanadi abin da za a ba mata su taɓa."

"Da wane sukari? Da wane gari?"

"Da basira, Madamazal. Yanzu ƙasa tamu ce."

Ta fito tana huci, ta shiga magazar lakol, ɗakin ajiyar kaya, ko za ta tarar da wani abu mai kama da abinci. Ta tarar da ƙadangaru, da tsinken karyayyen ma'auni, da wani akwati cike da ƙananan tutocin Faransa na takarda, waɗanda da can ake raba wa yara su yi ta kaɗawa in kumandan zai wuce. Shuɗi, fari, ja. Ba mai bukatarsu, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin ƙona su.

Tana tsaye a kansu ta tuna wani wasa da wata malamarsu Bafaranshiya ta koya musu a makarantar horon malamai, ranar da aka yi biki babu kuɗin alewa. Ta sungumi akwatin ta ɗora a ka.

A gidan Inna Baturiya take zaune, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ba abin da ke faruwa a Agiye bai biyo ta tsakar gidanta ba. Da la'asar Delu ta baje kayanta a tabarma: almakashi, murfin gwangwanin madara, tawada, da ƙaro da ta jiƙa a ƙoƙo har ya yi yauƙi. Ta raba launukan. Jan da shuɗin ta riƙa ɗora musu murfin tana zagayawa da fensir, tana yanke su da'ira-da'ira. Farin ta yayyanka shi sirara, tsawon ɗan yatsa, ta yi rubutu a kan kowane. Sai ta kwantar da siririn a tsakiyar da'ira, ta haɗa bakin sama da na ƙasa ba tare da ta murƙushe cikin ba, ta danna tsakiyar gindin da babban yatsa, ƙahonin biyu suka lanƙwaso suka haɗu. Ta ɗiga ƙaro a lungun, ta riƙe har ya kama. Na farko ya fashe, na biyu ya fito kamar kunnen jaki. Daga nan hannunta ya gane, suka fara fitowa a kumbure, ƙwal-ƙwal, har suka yi tsibi a faifai.

Inna Baturiya ta ɗauki guda ta shinshina.

"Bagobira, wanga ƙosai da mi aka cin shi?"

"Ba ci ake ba, Inna. Yagawa ake. Kowace mace ta ɗauki guda ta yaga, ta tarar da rubutu, ta miƙa wa ɗaya daga 'yan matana ta karanta mata gaban jama'a."

"Mi rubutun ya ce?"

Delu ta jawo waɗanda ba ta naɗe ba tukuna. Da Hausa ta rubuta su, amma da baƙin lakol. "Wannan ya ce, bana kazarki za ta fi ki haihuwa. Wannan, baƙi za su sauka miki ranar da tukunya take wayam. Wannan kuma, wadda kike zagi a rijiya ita ma tana zaginki, kun yi daidai."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Ja'ira! To in an yi dariya sai mi?"

"Sai su ga 'yar da ta zauna lakol tana sa takarda magana, tasu kuwa tana ƙarƙashin rumbu. Kishi zai ƙarasa mini sauran aikin."

"Awo," in ji Inna Baturiya, ta koma kan kaskonta. Daga baya Delu ta daɗe tana zargin tun a lokacin tsohuwar ta hango abin da zai faru.

Ranar biki filin lakol ya cika. Kakar gyaɗa ce, kowa da sabon zane. Mushe Balarabe ya yi jawabi da Faransanci, ya sake yi da Hausa, ya ga kamar na Faransancin ya fi daɗi ya maimaita ƙarshensa. Yara maza suka yi defile, rabi suka juya dama rabi hagu. Sannan Delu ta fito da faifai a ka, 'yan matanta a baya cikin wankakkun riguna, sun sha horo har suna karatu cikin barci.

Ta tsaya gaban mata ta ɗaga murya. "Iyayena, ga tsarabar lakol. Kowace ta ɗauki guda. Rabon kowa yana ciki, a rubuce."

Nan ta yi kuskuren, ko da yake ba ta ji shi yana fita daga bakinta ba. Rabo. A rubuce. A naɗe kuma.

Wata dattijuwa ta matso, ta goge hannuwa a zane, ta yi bisimilla, ta ɗauki ja guda da hannu biyu. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta durƙusa ta ce, "Allah shi biya, Malama." Sai sauran suka rufto. Maza da ke can gefe suka hango ana rabon wani abu mata na ƙullewa, suka keto layi. Chindo ɗan kokawa, wanda wuyansa ya kai cinyar wani, ya miƙo hannu ta saman kawunan mata ya ɗauki nasa. Kafin Delu ta sauke numfashi faifai ya koma faifai.

"To ku buɗe mana! Ku yaga!"

Aka dube ta kamar ta ce a tuɓe.

"A yaga?" in ji Asama'u mai waina. "Madamazal, ke da karatunki? Wa ya taɓa buɗe laya?"

"Ba laya ba ce! Wasa ne!"

"Awo, mun gane," in ji Asama'u, ta kashe mata ido, ta ƙara wa ƙullinta ƙulli.

Ko guda ba a buɗe ba. Wani tsoho da ba ya son jira ya jefa nasa cikin ƙoƙon ruwa ya dama ya shanye, ya yini yana yawo da shuɗin leɓe yana cewa gwiwarsa ta saki. 'Yan matan Delu suka tsaya a rana da karatunsu a baki, babu abin karantawa, har aka watse.

Washegari Jaye baduku bai ɗaga kai daga ɗinki ba. Tutar Faransa ta shiga jar fata ta hau wuyan Agiye, da damtsenta, da ƙugunta. Daga nan labarai suka fara. Akuyar wance da ta ɓata ta dawo da kanta, har da ciki. Wani ya kai gyaɗa ma'auni, ma'aunin ya yi masa gaskiya, abin da ba a taɓa ji ba. Sai kuma babbar: a kokawar kaka, Chindo ya ɗaure tasa a damtse ya ɗaga wani ƙaton garin Gazawa da ya saba kada shi duk shekara, ya shimfiɗa shi a ƙasa kamar tabarma. Makaɗa suka sa layar Madamazal a kiɗa.

Delu ta wayi gari ta tarar da mutane a ƙofar gida, wani da zakara, wata da ƙwarya ta gero, wani da ciwon baya.

"Ku tafi gida! Takardar tuta ce da ƙaro! Ni na yanka da almakashi!"

"Haka manyan suke," wani ya raɗa wa na kusa da shi. "Ba su taɓa yarda sun iya."

Ta shiga lakol ta baya, ta dawo ta baya. A kasuwa masu tallan da ke yi mata tsada suka koma ba ta gyara. Yara suna ganinta su ruga. An kawo mata komai ban da abin da take so, kai har benci biyun ma suka ragu, don wasu iyayen sun ce mai aiki da aljanun Nasara ba a bar mata ɗiya. Mushe Balarabe ya daina amsa gaisuwarta da Hausa. A tsakar gida kuwa kaji suka yi yawa, domin duk wanda Delu ta kora ta ƙofa, Inna Baturiya takan tare shi a lungu ta karɓi saƙo.

"Inna, kajin nan na wane ne?"

"Baƙi na. Sun zo gaisuwa." Tsohuwa ta watsa musu tsaba. "Ke Bagobira, zauna in gaya miki. Ɗiya kike so, su laya suke so. Ki ce kowace laya ɗiya guda. Kafin jibi sai kin rasa wurin zama a ajin nan."

Delu ta hango ajin cike, ta hango fuskar sufeto, ta hango ta Mushe Balarabe. Abin ya yi mata daɗi har cikin ƙashi.

"A'a."

"Don mi?"

"In na cika shi da ƙarya, ranar da akuyar wata ta mutu zai zube. Kuma ni malamar lakol ce, Inna. Ban yi shekaru ina cin wake da tsakuwa a makarantar kwana don in zama boka ba."

"To zauna da girman kanki. Shi za ki jera a benci sufeto shi ƙidaya."

Wanda ya cece ta daga bokanci, ba da niyya ba, shi ne Malam Surajo. Shekara da shekaru shi ke rubuta wa Agiye laya, yanzu kuwa buzunsa sai ƙuda. Ya kai ƙara fada. Ana gobe kasuwa, da hantsi, dogari ya zo ya ce Sarki na kiran Madamazal da diraktanta.

Ƙofar fada ta cika, maza a gaba, mata sun yi cincirindo a bayan dangar kara. Delu ta cire takalmi ta durƙusa ta yi gaisuwa, amma wuyan nan nata bai san lanƙwasa ba.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Surajo, "ni na tsufa a kan buzu. Ban taɓa ba mutum abin da ban san asalinsa ba. Yau yarinya da almakashi da gwangwanin madara ta rataya wa gari rubutun da ba wanda ya san mi ya ce. Da shi aka shiga masallaci, da shi aka kwana. In sunan aljani na fa?"

"Mushe," in ji Sarki, "mi ka sani?"

Mushe Balarabe ya share zufa. "Ranka shi daɗe, lakol ba ruwanta da laya. Madamazal ta yi wannan ne da ra'ayin kanta."

"Da basira, Mushe," in ji Delu. "Kai ka ce."

Sarki ya juyo gare ta. "Ke ɗiyar Gobir, mi ke ciki?"

"Allah shi ba ka nasara, tun ranar biki nake roƙo a buɗe. Allah gafarta Malam ya yi gaskiya, bai kamata mutum ya rataya abin da bai sani ba. A kawo guda a farke, Mushe ya karanta."

Nan take hannuwa suka tafi wuya da damtse, kowa ya dafe tasa. Sarki ya bi fuskoki da kallo, ya tsaya a kan wanda ya fi kowa faɗi.

"Chindo. Taka ta fi suna. Kawo."

"Ranka shi daɗe, akwai kokawa a Cadakori sati mai zuwa..."

"Kawo."

Jaye baduku ya sa wuƙa ya farke ɗinkin da shi ya yi. Shuɗiyar takarda ta fito, ta lallatse, ta sha zufa. Ya yaga ta da yatsa biyu yana kau da kai kamar za ta fashe. Siririn farin ya faɗo. Aka miƙa wa Mushe Balarabe. Ya kai shi kusa da tabarau, ya nesanta shi, ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, a taƙaice dai, fatan alheri ne. Ana yi wa mai ita fatan ƙaruwa."

"Mushe," in ji Delu, "a lakol in yaro ya karanta abin da ba ya kan allo, me kake yi masa?"

"Karanta yadda yake," in ji Sarki.

Mushe Balarabe ya rufe ido ya buɗe. Ya karanta da muryar da yake jawabi da ita.

"Kafin damina za ki haifi tagwaye, duka biyu da hancin uwar mijinki."

Kowa ya juya maganar, ya dubi Chindo, ya dubi cikinsa. Daga bayan danga wata ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan. Fadawa suka kife, dogari ya jingina da sandarsa yana hawaye, Sarki ya ja rawani ya rufe baki amma kafaɗunsa suka tona shi. Malam Surajo kansa ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, gemunsa ya ƙi.

"Allah shi sauke ka lafiya, Chindo!"

"Wata nawa yanzu?"

"Shi ya sa na Gazawa ya faɗi, ashe su uku suka taru a kansa!"

Chindo ya miƙe yana neman wanda zai kama, ya ga garin ne gaba ɗaya, ya fice.

Da Sarki ya samu numfashi ya yanke hukunci. Ba aljani, ba laifi, amma kada Madamazal ta sake naɗe wa kowa komai. Malam Surajo ya koma buzunsa da mutanensa. Inna Baturiya ta yi sauri ta yanka kajin da suka rage kafin masu su tuna. A hanyar komawa Mushe Balarabe ya ce, "Kin ci shari'a, Madamazal. Ajin dai har yanzu wayam yake." Gaskiya ya faɗa, kuma hutu ya riga ya kusa ƙarewa. A ranar Delu ta share ajin ita kaɗai, ta goge bencin da ba mai zama, ta cika tulun ruwa kamar gobe za a yi cunkoso.

Maza suka tsinke layunsu suka jefa a bola, suka ce su dama ba su yarda ba. Mata ba su jefar ba. Kowace ta farke fatar a ɗaka, ta yaga ƙosanta, ta zauna tana kallon ƙananan baƙaƙen nan kamar sawun kiyashi. Mako da makonni tana kwana da wannan magana a wuya. Me aka ce da ita?

Asama'u mai waina ce ta fara kasa haƙuri. Ta kira 'yar maƙwabciyarta, ɗaya daga 'yan benci biyun, ta ba ta waina mai zafi, ta rantsar da ita, ta miƙa mata takardar. Yarinya ta karanta tiryan-tiryan: "Miyarki ba gishiri, kowa ya sani, kunyarki ake ji." Kafin azahar maganar ta isa rijiya. Kafin la'asar an yi dambe a bakin rijiyar, guga biyu suka faɗa ciki. Har yau in mace ta yi miya salam a Agiye akwai sunan da ake kira.

Daga nan ba wadda ta sake miƙa takardarta ga ɗiyar wata. Ɗan lakol namiji kuwa, wannan ai gara a ba sanƙira. Mushe Balarabe namiji ne, kuma an ga yadda yake karatu, da murya har kasuwa. Saura mutum ɗaya.

Suka fara zuwa wurin Delu ɗaya-ɗaya, kowace da dalilinta. Wata ta zo sayen ƙuli-ƙuli, wata aron rariya. Sai an gama gaisuwa ta matso, ta kwance bakin zane.

"Madamazal, don girman iyayenki, a kunne kawai. Mi tawa ta ce?"

Ta farko da ta zo, da sunan aron rariya, Amina matar mai auna gyaɗa, Delu ta sha furarta ya fi a ƙirga, ta kuma san ƙafafun ɗiyarta sarai. Ta dubi takardar ba ta karɓa ba.

"Sarki ya hana ni harkar takardun nan, Yaya Amina."

"Naɗewa ya hana, ba karantawa ba!"

"To ni na hana kaina karantawa. Na roƙe ku a fili kuka ƙi."

"Zagi na ko? Gaya mini in zagi na."

"Na rubuta da yawa, ban san wadda ta faɗo miki ba. Wasu zagi ne, wasu albishir."

"To wa zai karanta mini, ni da ba ni da kowa a lakol?"

"Kina da Maimuna. In ta dawo daga wurin gwaggonta."

Amina ta yi mata kallon da zai iya kunna itace. Ta ƙulle zanenta ta fita ba sallama, ta manta da rariyar. Haka Delu ta yi wa ta biyu, da ta bayanta. Aka zage ta da Hausar Katsina, aka zage ta da ta Gobir don ta ji da kyau. Wata ta tofa a ƙofar ɗakinta. Wata ta yi alkawarin tunkiya. Ita dai amsarta ɗaya.

Ranar da aka koma lakol Delu ta fito da wuri, ta ɗaure fuska don kada a ga fargabarta. Tun daga bakin kuka ta fara jin hayaniya. 'Yan mata ne a ƙofar ajinta, wasu da kuka, wasu da majina, wasu an yi musu sabon kitso, kowace uwarta na riƙe da wuyan hannunta. Ba uwar da ke kallon wata. Benci bai isa ba, aka aro tabarmi daga masallaci, Malam Surajo da kansa ya ba da.

Da sufeto ya zo daga Tasawa ya leƙa ajin ya ga ba wurin sa ƙafa, ya tambayi dirakta wace dabara aka yi. Mushe Balarabe ya gyara kwat ya ce ya daɗe yana wayar da kan iyaye. Delu ta bar shi, don tana fama da wata da ta ciji alli.

Bayan motar sufeto ta tashi, Amina ta leƙo ta taga. Tun safe take nan tsaye, ita da wasu.

"Madamazal, kada ki ɗauka kin ci. Ranar da Maimuna ta karanta mini abin nan, ranar za ta bar lakol."

"Na ji, Yaya Amina."

"To yaushe za ta iya? Kafin kasuwa mai zuwa?"

"Sai ta san baƙaƙen tukuna."

"Suna da yawa?"

"Da dama. In ta san su sai ta koyi haɗa su. Wannan na littafi ke nan, manya-manya, a rarrabe." Delu ta karkaɗe alli daga hannunta. "Taki kuwa da rubutun hannu na yi ta, a sarƙe, kuma ina sauri, kuma ga shi ta sha zufa. Irin wannan sai an daɗe."

"Daɗewa kamar yaya?"

"Ki dai yi mata riga mai ɗan girma, Yaya, wadda za ta kai ta baɗi."

Amina ta juya ta dubi sauran matan, kowace ta dafe bakin zanenta tana kallon wani wuri. Sannan ta zura kai ta taga ta daka wa ɗiyarta tsawa.

"Ke Maimuna! Mi kike kallo nan? Dubi allo, don ubanki!"